Rumbun da Ba Ya Ƙasar Kowa: Tarihin Masu Gudu da Bayanai Daga Hannun Hukuma

Mutumin Falanko ko Gangara da ya danna wayarsa ya aika wa ƙaninsa da ke Sabha ko Tamanrasset saƙon murya, ba kasafai yake tambayar hanyar da muryar take bi ba. Daga eriya mafi kusa da shi take tashi, ta bi wayoyin da aka binne a ƙasa har ta ƙetare iyakar Nijar, ta shiga manyan igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, ta isa wani gini cike da kwamfutoci mallakar kamfanin Meta mai WhatsApp, sannan a juyo da ita zuwa ga ƙanin nasa. Irin wannan gini shi ne rumbun adana bayanai. Kowane ɗaya yana zaune a kan ƙasar wata hukuma, kuma hukumar tana iya aiko ɗan sanda da takardar alƙali ta ce a buɗe, a goge, ko a kashe wuta. Wannan ne ya sa wasu matasa, a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, suka ƙudurta kai rumbun inda babu wata hukuma da ke da iko. Sun gwada da gaske, kuma labarinsu ya faro ne daga wani kango na yaƙi a tsakiyar ruwa.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta gina wasu hasumiyoyi a teku don kakkaɓo jiragen saman Jamus. Injiniya Guy Maunsell ne ya tsara su. Ɗaya daga ciki, mai suna Roughs Tower, an girke ta a 1943, kimanin kilomita 12 daga gaɓar yankin Suffolk. Manyan ginshiƙai ne guda biyu na kankare masu rami a ciki, kowanne da ɗakuna hawa-hawa, an ɗora musu faffaɗan dandamalin ƙarfe a ka. Sojojin ruwa sun zauna a wurin, suka bar shi kwata-kwata a 1956. A wancan zamanin, ikon Ingila a kan ruwa mil 3 ne kacal daga gaɓa, wato ƙasa da kilomita 6. Hasumiyar tana bayan wannan layi.

Masu rediyo ne suka fara gane amfanin wannan giɓi. BBC ce kaɗai ke da izinin watsa shirye-shiryen rediyo a Ingila, kuma ba ta cika sa waƙoƙin da matasa ke so ba. Sai ƴan kasuwa suka rinƙa ɗora na'urorin watsa shiri a kan jiragen ruwa da kangayen yaƙi, suna watsawa daga bayan iyaka. Radio Caroline, wadda ta fara aiki a 1964, ita ta fi suna. Miliyoyin mutane suka koma saurarensu. Yadda gwamnati ta ɓullo musu abin lura ne, domin duk abin da ya biyo baya a wannan tarihi maimaicinsa ne. Ba ta aika jirgin yaƙi ba. Doka ta yi a watan Agusta 1967, wadda ta haramta wa duk ɗan ƙasar ya kai musu abinci ko mai, ya yi musu aiki, ko ya ba su talla. Kafin shekara ta zagayo, kusan dukansu sun yi shiru.

Cikin masu wannan sana'a akwai Roy Bates, tsohon manjo na soja, wanda kotu ta ci tararsa saboda tasharsa Radio Essex. Ya koma Roughs Tower da iyalinsa, kuma a ranar 2 ga Satumba 1967 ya shelanta cewa wurin ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, ya raɗa mata suna Sealand, ya naɗa kansa yarima. A 1968 ɗansa Michael ya yi harbin gargaɗi ga wani jirgin ma'aikata da ya matso kusa. Aka gurfanar da uba da ɗa a kotun Chelmsford, alƙali ya ce abin ya faru a wajen ruwan Ingila, don haka ba shi da hurumin yin shari'ar. Iyalin Bates suka riƙe wannan hukunci a matsayin takardar ƴancinsu, duk da cewa alƙalin bai ce su ƙasa ba ne. Suka yi tuta, suka buga kuɗi da kan sarki da fasfo, suka rubuta tsarin mulki a 1975.

Rashin hukuma ya nuna musu ɗaya fuskar tasa a watan Agusta 1978. Wani Bajamushe mai suna Alexander Achenbach, wanda suka yi hulɗar kasuwanci da shi, ya ɗauko sojojin haya suka dira a kan dandamalin lokacin da Roy ba ya nan, suka kama Michael. Babu ɗan sandan da za a kira. Roy ya tara nasa mutanen, suka sauko daga jirgi mai saukar ungulu da bindigogi suka ƙwace wurin, suka tsare wani lauya Bajamushe na tsawon makonni, har sai da Jamus ta aiko jami'in ofishin jakadancinta na Landan ya nemi a sake shi. Sannan a 1987 Ingila ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 12. Da alƙalami kawai, hasumiyar ta faɗa cikin ruwan Ingila. Har yau babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da Sealand.

Shekarun 1990 suka zo da intanet, suka zo da wani irin buri. A watan Fabrairu 1996, Ba'amurke John Perry Barlow ya rubuta wata sanarwa daga Davos yana gaya wa gwamnatocin duniya cewa ba su da iko a wannan sabuwar duniya ta kwamfuta. Tsoron da ke bayan maganarsa na gaske ne. A wannan watan ne Amurka ta sa hannu a dokar tace abin da ake sakawa a intanet, wadda Kotun Ƙoli ta soke babban sashenta a 1997. A lokacin ana ɗaukar manhajar ɓoye saƙo a matsayin makami da ba a fitar da shi waje sai da izini. Sin kuma tana shirin gina katangar da ta kewaye intanet ɗinta. Masu ilimin kwamfuta da yawa sun ga cewa idan ba a yi wani abu ba, na'urar da aka yi don sakin baki za ta zama ta ɗaure shi. Ni dai ban ga laifinsu a wannan damuwa ba, kuma abin da ya faru a ƙasashenmu daga baya ya gaskata su.

Biyu daga cikinsu, Sean Hastings da Ryan Lackey, sun fara neman mafaka a tsibirin Anguilla na yankin Karibiyan. Da suka ga can ma akwai doka, sai suka nemi iyalin Bates. A shekarar 2000 suka buɗe kamfanin HavenCo a kan Sealand. Lackey yana da shekara 21 a lokacin, ya bar karatu a jami'ar MIT. Mujallar Wired ta sa labarin a bangonta na watan Yuli, jaridun duniya suka ɗauka. Alƙawarinsu shi ne: kawo bayananka mu ajiye, babu alƙalin da zai sa mu buɗe, in kuwa aka zo da ƙarfi gara mu lalata na'urar da mu miƙa ta. Abu uku kawai suka haramta, hotunan lalata da yara, saƙonnin talla na damun jama'a, da kutse cikin kwamfutocin mutane.

Yadda wurin yake a zahiri ya sha bamban da yadda aka zana shi. Mai zuwa a kwalekwale sai an zuro masa wata ƴar kujera a jikin igiya, injin ya ja shi sama yana lilo a kan ruwa. Kwamfutocin suna cikin ɗakunan ginshiƙi ɗaya, babu taga, ga danshin gishiri mai cin ƙarfe, ga ƙugin janareto dare da rana. Man janareton daga gaɓar Ingila ake kawo shi, haka abinci da kayan gyara. An yi ta maganar za a cika ɗakin kwamfutocin da iskar da mutum ba ya iya shaƙa don hana ɓarayi da gobara, ba a taɓa yi ba. Babbar matsalar ita ce layin sadarwa. Wayar ƙarƙashin ruwa da suka yi fata ba ta samu ba. Suka dogara da tauraron ɗan Adam mai tsada da nawa, da kuma eriyar da ke magana da wata eriya a kan tudun Ingila. Ma'ana duk harafin da ya shiga Sealand ko ya fita, sai ya ratsa ta hannun wani kamfani da ke ƙarƙashin dokar wata ƙasa.

Masu fafutukar da aka yi zaton za su yi tururuwa ba su zo ba. Abokan cinikin ƴan kaɗan ne, akasarinsu masu gidajen caca na intanet, su ma da suka ga wasu ƙasashe sun halatta sana'arsu da araha sai suka kwashe. Kasuwar kamfanonin intanet ta rushe, masu zuba jari suka janye. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, iyalin Bates suka shiga taka-tsantsan. Babban burinsu shi ne duniya ta ɗauke su ƙasa, don haka ba sa son abin da zai fusata Landan ko Washington. Suka fara hana HavenCo karɓar wasu abokan ciniki. Lackey ya bar kamfanin a 2002 cikin rigima kan kuɗi da hannun jari, kuma a 2003 ya tsaya gaban taron masana kwamfuta na DEF CON a Las Vegas ya bayyana yadda abin ya lalace. Wace kotu zai kai ƙara? Ya gina kasuwancinsa a kan cewa babu alƙalin da ke da iko a wurin, ga shi yana buƙatar alƙali. Masanin shari'a James Grimmelmann, wanda ya yi dogon nazari a kan lamarin a 2012, a nan ya ga asalin faɗuwar kamfanin. A watan Yuni 2006 gobara ta tashi daga janareto, kuma jirgin sojan saman Ingila ne ya zo ya ɗauki mai gadin da hayaƙi ya shaƙe zuwa asibiti. A ƙarshen 2008 shafin HavenCo ya ɓace ba tare da sanarwa ba.

Da waɗannan matasa sun san tarihin Damargu, da sun rage wa kansu wahala. A ƙarni na 19 wannan yanki yana tsakanin Sarkin Abzin da ke Agadas da Sarkin Damagaram, babu ɗayansu da ya riƙe shi riƙon gaske. Manoma sun zo sun kafa garuruwa saboda ƙasar hatsi ce, ayarin Tarabulus da Ghat zuwa Kano yana ratsawa, ayarin gishiri yana sauka ya sayi gero. Amma rashin sarki guda bai sa kowa ya zama mai gashin kansa ba. Kowane gari yana da Buzayen da ya jingina da su yana ba su hatsi, kowane ayari yana da wanda ya ɗauki amanarsa. Turawan nan uku, Richardson da Barth da Overweg, da suka iso Damargu suka rabu a Taghelel a watan Janairu 1851, ɗaya ya nufi Damagaram, ɗaya Kano ta Tasawa da Katsina, ɗaya Gobir da Maraɗi, a ƙarƙashin inuwar Annur, shugaban Kel Owi, suka shigo, kuma sun biya. Mutumin da ya kai rumbunsa can cikin daji don kada mai karɓar haraji ya gani, dole ya bi hanya in zai ɗebo hatsi, kuma duk wanda ya tsare hanyar shi ne mai rumbun.

Duk da haka ba a daddara ba. Bayan ƴan sandan Suwidin sun kai samame kan kwamfutocin shafin The Pirate Bay, na musayar fina-finai da waƙoƙi ba da izini ba, a watan Mayu 2006, masu shafin suka buɗe asusun neman taimako a farkon 2007 don su sayi Sealand. Cinikin bai yiwu ba, kuma a 2009 kotun Stockholm ta yanke wa huɗu daga cikinsu ɗaurin shekara guda. Wani ɗan Holan, Herman-Johan Xennt, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ya sayi tsohon maɓoyar soja a ƙasarsu ya kira kamfaninsa CyberBunker, har aka yi iƙirarin wurin jamhuriya ce. Daga baya ya koma wani maɓoyar mai hawa biyar a cikin ƙasa a garin Traben-Trarbach na Jamus. A watan Satumba 2019 ƴan sanda fiye da 600 suka afka wa wurin. Abin da aka samu a ciki kasuwannin ƙwaya ne da na bayanan sata da jabun takardu. A watan Disamba 2021 kotun Trier ta ɗaure shi shekara 5 da wata 9. Wannan ma wani ciwo ne na irin wannan mafaka: wanda ya fi kowa iya biyan kuɗinta shi ne mai laifi, ɗan jarida da ake farauta ba shi da ko na haya.

WikiLeaks, mai fallasa takardun sirri, ta ajiye wasu kwamfutocinta a wani kogon dutse a Stockholm a 2010. Ba a fasa kogon ba. A watan Disamba na shekarar, Amazon ta kore ta daga rumbunta, PayPal da Visa da Mastercard suka daina karɓar mata gudummawa. Dabarar 1967 ce aka sake yi. Waɗanda suka fahimci darasin sai suka juya akalar, suka koma neman doka mai kyau maimakon wurin da babu doka. Majalisar Aisland ta amince a watan Yuni 2010 da shirin mayar da ƙasar mafakar ƴan jarida da majiyoyinsu. Estoniya, wadda ta sha harin kutse a 2007, ta ƙulla yarjejeniya da Luksambur a 2017 ta ajiye kwafin muhimman bayanan gwamnatinta a can, da kariya irin ta ofishin jakadanci. Amurka kuwa ta yi dokar CLOUD a 2018, wadda ta ce kamfaninta dole ya miƙa bayanan da kotu ta nema ko a wace ƙasa ya ajiye su. Teku da sararin sama ma ba su kuɓuta ba. Jirgin ruwa yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ya ɗaga tutarta, kuma yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta bar kowane tauraron ɗan Adam a hannun ƙasar da ta yi masa rajista.

Idan muka dawo gida, abin da Hastings da Lackey suka yi fafutuka a kai mu mun same shi ba tare da mun nema ba. Saƙonninmu na WhatsApp, hotunanmu na Facebook, bidiyonmu na TikTok, duk suna bi ta rumbunan da gwamnatin Nijar ko ta Najeriya ba ta da mabuɗinsu. Hakan bai hana a rufe mana baki ba. Bayan tarzomar da ta ɓarke a Damagaram ranar 16 ga Janairu 2015 kan zanen jaridar Charlie Hebdo, ta kuma bazu zuwa Yamai, hukuma ta toshe shafukan sada zumunta da saƙon tes na ɗan lokaci. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, an katse intanet na wayar salula daga 24 ga Fabrairu 2021 har kwana 10. Ba a taɓa kwamfuta ko ɗaya a Amurka ba. Kamfanonin waya ƴan ƙalilan ne, lasisinsu a hannun hukuma yake, umarni guda ya isa. Ɗan kasuwar dabbobi a Tanut ko Belbeji da ke jiran hoton rasit daga Kano, da tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Libiya, abin da suka sani shi ne babu rezo.

A Najeriya an dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Masu hali suka rinƙa zagayewa ta manhajar VPN. Amma a watan Satumba na 2021, da aka kashe eriyoyin waya gaba ɗaya a jihar Zamfara, da ƙananan hukumomi 13 na Katsina da 14 na Sakkwato, da sunan yaƙi da ƴan bindiga, babu manhajar da ta yi amfani. Mutanen Gusau sai da suka rinƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su kira waya. An ce mako 2 ne, a wurare da yawa ya kai watanni. Wani lokacin ma ba hukuma ba ce: a 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma.

Yanzu idon mutane yana kan Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025 bayan yarjejeniya da gwamnati. Ga karkarar Damargu, inda eriya ke da nisa, alheri ne babba, kuma ina fatan ya isa kowace makaranta da gidan likita. Amma da lasisin hukuma ya shigo, kamfanin na Amurka ne, kuma mutum ɗaya ne ke juya shi. Mutumin, Elon Musk, da bakinsa ya ce ya ƙi buɗe wa sojojin Yukren layin a kusa da Kirimiya a 2022. Ko an yarda da dalilinsa ko ba a yarda ba, shi kaɗai ya yanke, kuma babu inda za a ɗaukaka ƙara.

Inda aka taɓa samun nasara a yankinmu, a gaban alƙali aka same ta. A watan Yuni 2020 kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta yanke cewa katse intanet da Togo ta yi lokacin zanga-zangar 2017 ya saɓa wa ƴancin faɗin albarkacin baki. A watan Yuli 2022 ta yanke irin wannan hukunci a kan dakatar da Twitter a Najeriya. Hukuncin ya zo a makare, amma ya zama hujja a rubuce da wani zai ɗauka gobe. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairu 2025, don haka nauyin ya dawo kan dokokinmu da kotunanmu na cikin gida. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka cire mata hukuncin ɗauri kan ɓata suna a 2022, an mayar mata da shi a watan Yuni 2024. Aikin wayar sadarwa mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya haɗa da layi daga Damagaram zuwa iyakar Najeriya da kuma rumbun adana bayanai na ƙasa a Yamai. Ajiye bayanan ƴan ƙasa a gida abu ne mai kyau, muddin an san wanda ke da izinin buɗe su.

Kirana ga lauyoyinmu, da ƴan jarida, da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, shi ne su nemi a rubuta wannan a doka ƙarara: wane jami'i ne zai iya ba da umarnin katse layi ko buɗe bayanan mutum, da wane dalili, na kwana nawa, kuma wane alƙali ne zai sa hannu kafin a aiwatar. Duk ranar da aka katse, a rubuta kwanan wata da garuruwan da abin ya shafa da asarar da aka yi, daga Yamai har Falanko, domin kotu ba ta karɓar ƙara sai da shaida.